Kan Surukina Zai Zo Hannuna Ranar Asabar

Assalamu alaikum Gwaggo Raudatu. Don girman Allah ki taimake ni kafin Asabar mai zuwa. A gidanmu babu wanda zan iya buɗe baki in gaya wa wannan magana.

Ni nas ce. Shekara uku ina aiki a wani asibitin dashen gashi a Nassarawa GRA, irin manyan gidajen nan da aka mayar asibiti. Masu sanƙo ne ke zuwa mana. Aikin shi ne a ciro saiwar gashi ɗaya bayan ɗaya daga ƙeya, a yi ƙananan tsaga a inda gashi ya zube, a dasa. Yakan ci awa bakwai ko takwas.

Sunan likita ne a allon bakin get, hotonsa ne a shafin asibitin na intanet. Amma Gwaggo, ga yadda abin yake. Da safe zai shigo ya gaisa da mutum, ya zana masa layin goshi da alƙalami, ya yi allurar kashe zafi, ya sa shi ya kwanta rub da ciki. Daga nan sai ya fice zuwa wani asibitin nasa. Ni da abokiyar aikina Maryam Nana mu ke yin komai. Da can dasawa kawai muke yi. Da jama'a suka yi yawa aka bar mana cirewa, bara kuma aka sakar mana har tsagar. Bayan la'asar likita zai dawo, ya zura safar hannu, a ɗauki hoto. Shi mai kan, ko fuskarsa na ƙasa ko an rufe masa ido da bandeji, mu kuma da takunkumi. Haka zai tafi yana yi wa likita addu'a.

Ba yabon kai ba, hannuna yana da kyau, gashin da na dasa yana fitowa. Amma watan azumin bara wani bawan Allah jini ya ƙi tsaya masa, ashe yana shan maganin tsinka jini, ba wanda ya tambaye shi. Minti arba'in ina danne da auduga ina salati, likita yana cikin cunkoson motoci. Allah ya rufa asiri. Tun ranar nake shiga ɗakin nan gabana na faɗuwa.

To yanzu ga abin da ya same ni. Mahaifin maigidana ya yi haɗarin mota shekaru da yawa da suka wuce, ya bar masa tabo kamar faɗin tafin hannu a saman kunnen hagu. Labari kawai na ji, don shekara shida da aurena ban taɓa ganin kansa babu hula ba. Yana da niyyar aikin Hajji baɗi, kuma kin san namiji ba ya rufe kai cikin harami. Abin ya tsaya masa a rai. Sai ya aiko Hajiya, surukata, ta tambaye ni ko likitanmu ya iya aiki. Na ce ya iya. Gaskiya na faɗa, ya iya, in zai tsaya ya yi. Ban san Baba zai je ya yi rajista ba, har yana gaya wa abokansa cewa inda 'yarsa ke aiki za shi.

Ranar Litinin na ga sunansa a jerin Asabar, an rubuta nawa a gefe. Na sami likita na ce masa surukina ne. Dariya ya yi, wai ai da takunkumi ba zai gane ni ba, kuma ni ce na fi iyawa.

Gwaggo, mutumin da nake durƙusawa tun daga bakin ƙofa in gaishe shi. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa faɗin sunansa ba, ɗana ma da aka sa wa sunansa, Halifa nake ce masa. Shi zan tuɓe wa hula in aske, in yini ina tsaga masa fata? A bar ma maganar kunya. Baba yana da ciwon suga. Fatar tabo kuma jini ba ya gudana a cikinta sosai, ban taɓa dasa gashi a kanta ba, ban san zurfin da zan shiga ba.

In na yi magana, aikina ya tafi, wataƙila har da na Maryam Nana da ke riƙe da marayu uku. Maigidana ya ɗauka kayan aiki nake miƙa wa likita, da wane ido zan kalle shi? In na bar wa Maryam Nana, hannunta bai kai nawa ba. In na yi shiru na yi aikin, abu ya lalace, har abada ni na san hannun wa ne. Na rasa inda zan sa kaina.

Taki, Mai Takunkumi, daga Kaura Goje.

Wa alaikumus salam 'yata. Share hawayenki mu yi magana, Asabar ba ta da nisa.

Na tuntuɓi wani likitan fata kafin in ba ki amsa. Ya ce dashen gashi aikin taro ne, mutum ɗaya ba ya iya shi, kuma a wurare da yawa ƙwararrun mataimaka irinki ne ke tsara saiwa su dasa. Saboda haka kada ki raina sana'arki, kuma ba kowane likita mai mataimaka ne mayaudari ba. Amma ya ce duba lafiyar mutum, da yanke shawarar ko ya dace a yi masa, da yanka fata, da kasancewa a kusa in abu ya rikice, nauyin likita ne. Laifin asibitinku shi ne mutum ya kwanta da sunan likita, ya tashi da aikin wani, ba a gaya masa ba.

Ga shawarata. Gobe ki koma wurin likitan, cikin ladabi, ki ce ba za ki taɓa wannan kan ba. Kada ki kafa hujja da surukuta, ya riga ya mayar da ita abin dariya. Ki ce masa tabo ne, ga ciwon suga, kuma ba ki da horon yin tsaga. Ko ya tsaya ya yi da hannunsa daga farko har ƙarshe, ko a ɗaga aikin. In ya ga kin tsaya da ƙafarki, mai yiwuwa ya tuna lasisinsa ne a rataye a bango, ba naki ba.

Sannan ki zaunar da maigidanki yau, ki gaya masa komai. Zai ji ba daɗi, amma gara ya ji daga bakinki. Ba sai kin fuskanci Baba ba, ai don irin wannan ake aiken ɗa wurin ubansa. Ya kai shi wurin likitan da ke duba masa suga, daga nan su ga likitan fata ko na tiyata a babban asibiti, a duba tabon. Hajji sai baɗi, jinkirin sati biyu ba zai hana komai ba. Duk inda za a yi, su tambaya ƙarara: wa zai yi tsagar, kuma likita zai zauna a ɗakin har a gama? A rubuta musu amsar.

Ba zan ɓoye miki ba, kina iya rasa aikin. Amma ke nas ce mai takarda, Kano ba ta ƙoshi da irinku ba. Ki gaya wa Maryam Nana kafin ki motsa, kada abin ya zo mata ba shiri, in ta yarda ku shiga wurin likitan tare. In ya ƙi gyarawa, akwai hukumar da ke sa ido kan likitoci.

Abu na ƙarshe, kuma ki yi haƙuri da ni. Kunya ce ta farkar da ke, na gode wa Allah da ita. Amma shekara uku kina cire wa dattawa hula, kowannensu yana da wata a gida da ke durƙusawa ta gaishe shi, wadda ba ta iya faɗin sunansa. In an ɗaga aikin Baba, wani za a rubuta a gurbinsa ranar Asabar ɗin. Abin da kika ƙi yi wa Baba, kada ki yi wa wannan.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya buɗa miki inda ya fi, ya kai Baba Makka lafiya, da gashi ko babu.

Gwaggo Raudatu.