Ranar da aka nuna motar Baba

Yaya Markus,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fatan kana lafiya, da Saratu da yara. Ya zafin Agadas, ya aiki? Mu nan Korgom lafiya lau, Inna ma ƙafarta ta yi sauƙi.

Tsohuwar Landirobar nan da Baba ya tuƙa shekara da shekaru, samarin Tasawa sun taru sun gyara ta don sha'awa, ƙarƙashin Habila ɗan Baffa. Ranar Asabar suka fito da ita wurin nunin tsofaffin motoci. Baba ya sa rigarshi ta zuwa majami'a, na kai shi a amalanke.

Da muka isa, ya ɗora hannu bisa ƙofarta yana murmushi. Sai Habila ya daka mashi tsawa: "Tsoho, ɗauke hannunka, fenti sabo ne!"

Baba ya ce, "Habila, ni ne fa. Cikinta na koya ma ubanka tuƙi."

Ya ce, "Na gane ka. Ai a hannunka ta mutu, mu muka tashe ta."

Mutane suka kwashe da dariya. Ya jawo tsumma ya goge inda Baba ya taɓa, a gaban idonshi. Baƙi kuwa ya bar su suna shiga suna ɗaukar hoto a kujerar direba.

Na maido Baba gida. Kwana uku ke nan bai fito ƙofar gida ba.

Ka sa shi a addu'a, ni ma ka roƙa mani haƙuri, don ban yafe ma Habila ba. Ka gaida Saratu da Fasto. In ka kira Baba, don Allah kada ka tambaye shi motar.

Ƙanwarka,
Rahila