Amsar da Na Ba Mai Binciken Gawo

Kanambakashe, 4 ga Maris

Zuwa ga yayana Rayyanu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Umaima da yara. Ya aiki, ya zafin Tasawa? Mu nan lafiya lau, zuciyata ce kawai ba ta kwanta ba.

Ka san shekara tara ke nan da na daina sare gawo a gonata. Ina tara 'ya'yansa, in daka da harawa da dusa, in sayar wa makiyaya da rani, su kuma su kwantar da shanunsu a gonar in samu taki. Maƙwabcina Danda shekara uku yana yi mini dariya, kafin ya zo ya durƙusa na koya masa komai, har yadda ake rage rassa ba a kashe icce ba.

To, makon jiya wata Madam Shamsiyya ta zo daga iniversite, wato jami'a, tana binciken sana'o'in da ke ciyar da mutum ba tare da sun cinye daji ba. Ni ta fara tambaya, a tsakiyar kasuwa. Yaya, wa ke faɗin samunsa a bainar jama'a, baki ya kama shi? Na amsa yadda Baba ya koya mana, cewa muna dai lallaɓawa, wahala ce kawai. Na ga tana rubutawa, na ɗauka ta gane. Danda kuwa, da bakinsa kamar rumbu ba marufi, ya zazzage mata komai, ya kai ta gona ta ɗauki hotonsa rungume da gawo. Yanzu a takardarta "tsarin Danda" ake ce wa abin.

Ba zan ɓoye maka ba, kishi ya cika ni. Ko sallamarsa na ji, sai tuwo ya fita raina.

Ka gaida mutanen gida.

Ƙanenka,
Illo

Kanambakashe, 19 ga Maris

Yaya Rayyanu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na samu saƙonka. Ka ce in je in faɗa mata gaskiya. Wallahi na yi niyya, har na sa rigar Juma'a, sai ga ta da kanta a ƙofar gidana.

Ta ce binciken da za su sa gaba shi ne gano dalilin da sana'ar ke karɓar wasu, ta ƙi wasu, kuma sunana ne na farko cikin waɗanda ta ƙi. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga maƙwabta sun cika zaure, kowa ya kasa kunne. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Sai haƙuri."

Ta tausaya mini ƙwarai, ta ce kada in karaya, an samo wanda zai taimake ni. Danda na tsaye bayanta, kansa a ƙasa, ban sani ba ko kunya ce ko dariya yake ɓoyewa. Ranar Laraba zai zo gonata ya koya mini rage rassan gawo.

Ka sa ni a addu'a, kada in yi abin kunya.

Naka,
Illo