Tabon Mari a Ƙafata

Kiru, daren Laraba, 1976

Da safe na ga Sule na Ba'awa ɗaure da mari a gindin tsamiyar asibiti. Likita daga Kano ya tara dattawa, wai yana neman shawarar yadda za a kula da masu taɓin hankali. Na jira kowa ya gama, na ɗaga wando na nuna tabona.

"Ranka ya daɗe, wata bakwai na yi a mari. In rana ta gasa ƙarfen, dole mutum ya yi ihu. A kwance Sule, ni zan zauna da shi."

Malamin asibiti ya ce, "Likita, rabu da shi, bai gama warkewa ba."

Aka yi dariya. Sule zai kwana a ɗaure.

Direban likita ya ga tabon. Inna mai koko ta gani. Sule ma ya gani.