Finafinan da Auta Ke Kallo

Zuwa ga Maman yara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Yaya jikin Inna? Hannun da ya shanye ya fara motsi kuwa? Ki ce mata surukinta yana yi mata addu'a. Tunda waya ba ta shiga a wajenku, na ba direban motar kasuwa wannan takarda.

Mu nan lafiya, sai dai Auta tana nan yadda kika bar ta. Tun hatsarin motar makarantar da ya yi ajalin aminiyarta, maganarta ba ta wuce "to" da "a'a". Likita ya ce ƙashin hannunta da ya karye a hatsarin ya kama. Bakin ne dai bai buɗe ba.

Kafin yayanta ya koma makaranta ya bar mata kwamfutarsa cike da finafinai, kusan duk na ban tsoro. Na so in hana, sai na ga tunda abin ya faru babu abin da ta nuna tana so sai su. Don haka yanzu da la'asar nake rufe shago, in jawo kujera in zauna kusa da ita. Kin san ni, ko ɓera ne ya motsa a kicin ke nake turawa.

Na farko labarin wasu ne da suka tare a tsohon gida, firjinsu yana gurnani yana buɗe kansa. Na ce wannan ai ba aljani ba ne, robar ƙofar ce ta saki, da sun kawo min shago da yini ɗaya na raba su da shi. Ba ta yi dariya ba, amma ta juyo ta kalle ni. Fim ɗin dai bai yi min ba. Kiɗa kawai suke firgita mutum da shi, in an rage murya babu komai a ciki.

Ki huta lafiya.
Mijinki, Baban yara.

Zuwa ga Maman yara,

Ina gaishe ki da jinya. Takardarki ta iso, na yi murna da jin Inna ta fara riƙe kofi da kanta. Na ga faɗan da kika yi min, cewa yarinyar da ta ga jini da idonta ba ta da buƙatar ƙari. Ni ma na yi wannan tunanin. Shi ya sa na samo na barkwanci na sa mana. Ko rabi bai kai ba ta tashi ta shige ɗaki. Washegari muka koma nata.

Akwai na wasu matasa da suka ɓata a daji ana bin su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ƙazanta ce kawai, rabinsa ƙasa nake kallo. Amma akwai ɗaya da ya tsaya min a rai, na wani mai gadin ma'aikata da kullum yake jin ana shara a ɗakin da aka daɗe da rufewa. Babu dodo, babu ihu, sai ƙarar tsintsiya. Wallahi da na shiga shago da safe na ji maƙwabcina yana shara, sai da gabana ya faɗi. Na lura wanda ba a nuna maka komai ya fi cin rai.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wannan. Na ga duk fim in ya ƙare, sai ta mayar da ƙarshen baya ta sake kallo. Kin san yawancinsu mutum ɗaya ke tsira, a nuno shi zaune an lulluɓe shi da bargo, sai rubutu ya hau. Jiya ta tsayar da hoton a kan fuskar wata yarinya, ta ce, "Baba, me ya sa ba sa nuna washegari? In ta koma gida me take yi?"

Maman yara, da ke ce da kin san abin faɗa. Ni sai kame-kame. Na ce ina jin dai tashi take yi, a ba ta abin kari, ko ba ta so ta ci. Na ce wataƙila su ma masu fim ɗin ba su sani ba, shi ya sa suke tsayawa a nan. Ta ce ita ta zata cikin finafinan za ta sami ko ɗaya da ya nuna. Daga nan ta kifa kai a gwiwata ta yi kukan da ba ta yi ba ko ranar jana'iza. Ban hana ta ba. Ni ma ban tsira ba, sai da na yi hawaye.

Naki har kullum,
Baban yara.

Zuwa ga Maman yara,

Da fatan kun tashi lafiya, Allah ya ƙara wa Inna sauƙi.

An cire wa Auta filasta. A hanyarmu ta dawowa daga asibiti ta ce in bi da ita gidan su marigayiyar. Ashe duk tsawon lokacin nan tsoron haɗa ido da uwar take yi, tana ganin za ta ce don me ita ta rage. Na ce ko in shiga tare da ita, ta ce a'a.

Na zauna a benci a ƙofar gidan tare da uban yarinyar. Mutumin ya rame ƙwarai. Muka gaisa, ya ɗan yi maganar tsadar mai. Duk finafinan da na kalla babu wanda ya tsinka min zuciya kamar zaman nan, ina kallon labule ban san me ake yi a ciki ba.

Sai dab da magariba ta fito, idanunta jajur, da sabon kitso a kanta. Uwar ce ta ga yadda gashin ya cukurkuɗe, ni kuwa ban ma lura ba. Ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta ta tsefe ta yi mata, suna yi suna kuka suna hirar marigayiyar. Ta ce tunda 'yarta ta tafi hannunta bai taɓa kan kowa ba, kuma ta roƙi Auta ta riƙa zuwa duk mako.

Kada ki yi gaggawar dawowa, ki tsaya sai Inna ta miƙe. Auta ta ce ranar Litinin za ta koma makaranta, amma ba za ta iya shiga motar ba tukuna. Na ce babu komai, da ƙafa za mu tafi, ni zan riƙa raka ta. Ga ta nan tsaye a kaina, wai in bar mata wuri a ƙasan takardar, tana da magana da ke.

Mijinki mai kewarki,
Baban yara.