Mai Gata da Marar Gata

Gagarawa,
3 ga Yuli, 2024.

Zuwa ga Malam Ilu Garba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kai da iyali kuna lafiya. Ya damina?

Na kira lambarka sau huɗu ba ka ɗauka ba, shi ya sa na ba Cindo direba wannan takarda ya kai maka ofis hannu da hannu. Ni ne Habibullah, mahaifin Rayhana, ɗalibar da kwaleji ta ba ka duba kundinta na kammala karatu, idan har sunana ya ɓace maka.

Jiya ta dawo gida idanunta jawur. Ta ce ka mayar mata da babi na uku, ka ja masa layi da jan biro daga sama har ƙasa, ba ka rubuta dalili ko kalma ɗaya ba. Yarinyar nan shekara uku ba ta taɓa faɗuwa jarrabawa ba. Abokan karatunta duk an sa musu hannu, wata mai zuwa za su kare nasu kundin.

Na karanta babin. Kwatanta yaran nan biyu ta yi, na tsofaffin littattafan Amurka da ni da kai muka riƙa karɓa-karɓa a laburaren makarantar kwana: ɗan gidan mutunci mai gata, da ɗan mashayin nan marar gata. Ta ce mai gatan shi ne abokin ƙwarai, domin shi ya sauko ya riƙe wanda gari ya yar. Ina laifin wannan magana?

Idan akwai wani abu a ranka game da ni, ga ni nan da raina a Gagarawa. Kada ka huce a kan 'yata. Shekara talatin da biyar na yi a sashen ilimi na ƙaramar hukuma, na san inda ake kai ƙara.

Ka huta lafiya.
Alhaji Habibullah Magatakarda

Gumel,
6 ga Yuli, 2024.

Alhaji Habibullah,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, damina sai godiya.

Sunanka bai ɓace mini ba. Salon rubutunka ma bai ɓace mini ba, kuma nan matsalar take.

Rayhana ta rubuta babi na ɗaya da na biyu. Jimlolinta gajeru ne, tana da kurakurai, amma in ta faɗi abu ka san ta gan shi da idonta. Babi na uku kuwa wani tsohon ma'aikacin gwamnati ne ya rubuta shi. Akwai doguwar kalmar Turancin nan da kake cusawa a kowace muhawara tun muna aji uku. Sau shida ta fito a babin, da kuskuren harafin da ka saba yi. Na tambaye ta ma'anarta, ta sunkuyar da kai tana kallon takalminta. Dalilin da ya sa ban rubuta komai ba shi ne, in na rubuta, ya zama shaida a kanta.

Tunda kai ne mai babin, kai zan gyara wa. Ka ce mai gata ya sauko ya riƙe abokinsa. Koma ka sake karantawa. Duk wasan da yaron nan ya ƙirƙira, a jikin wani yake ƙarewa. Shi ke zana taswira, shi ke raba muƙamai, shi ke sa a yi rantsuwa. In abu ya lalace, akwai gidan da zai koma a yi masa faɗa a kuma zuba masa abinci. Shi kuwa marar gata, in ya yi ƙarya don ya kare wani, ransa ya sa a ciki, domin ba mai zuwa ya karɓe shi. Wancan, aboki yake nema da zai yi masa rakiya a cikin labarin da shi ne gwarzonsa. Wannan kuwa abotar ce kaɗai dukiyarsa.

Na so in san wanne ka ɗauki kanka a cikinsu, babin ya ba ni amsa.

Batun ƙara, ofishin shugaban sashe yana hawa na biyu, hannun dama. Ka taho da babin.

Wassalam.
Dakta Ilu Garba

Gagarawa,
9 ga Yuli, 2024.

Malam Ilu,

Assalamu alaikum, da fatan an tashi lafiya.

Uba ya duba wa 'yarsa aiki ya gyara mata Turanci, yau ya zama laifi? Kai ba ka duba na 'ya'yanka?

Amma na gane, ba babin ne ke damunka ba, Maigatari ce. To mu yi maganarta. Yara ne mu, shekara sha bakwai. Mun sulale daga makaranta ranar Alhamis, muka hau bayan motar hatsi zuwa kasuwar Maigatari, muka ga raƙuma, muka ce bari mu tsallaka iyaka mu taka ƙasar Faransa, wato Nijar, mu dawo mu ba da labari. Jandarmomi suka tsare mu kwana biyu. Tare muka ji yunwa, tare sauro ya cije mu. Ni ma an yi mini bulala sha biyu a gaban asambuli, kada ka yi kamar ban sha komai ba. Korar da aka yi maka hukuncin firinsifal ne, ba ni na riƙe masa biro ba.

Ka manta wanda ya raba garin kwakinsa da sukarinsa da kai shekara huɗu? Ka manta wanda ya kai ka gidansu hutu, lokacin da 'yan ajinmu ke kiranka baƙauyen Sule Tankarkar? Wa ya fara miƙa maka littattafan nan da kake cin abinci da su yau? Marar gatan da kake yabo, da ba don abokinsa ba, wa zai san da zamansa? A bakin kogi zai ƙare, ba wanda zai ji sunansa.

Allah ya ɗaukaka ka, ka zama Dakta, ni ban wuce ofishin ƙaramar hukuma ba. Me kuma kake nema? Mutumin da ya kusa sittin yana riƙon abin yarinta, wannan ba ilimi ba ne, ƙullaci ne.

Ka sa wa yarinya hannu.

Naka,
Habibullah

Gumel,
12 ga Yuli, 2024.

Alhaji,

Salamu alaikum.

Ka ba da labarin Maigatari, ka tsallake wuri ɗaya. Bari in cike maka.

Kai ka zana taswirar a bayan littafin lissafinka. Kai ka ce mu yi yadda yaran littafin ke yi, mu rantse duk wanda aka kama ba zai ambaci ɗan'uwansa ba. Da aka dawo da mu, firinsifal ya shigar da mu ɗaya bayan ɗaya. Sau uku ya tambaye ni wa ya kawo shawarar, na yi shiru, ina jin kaina wani namiji. Kai ka shiga, ba ka yi minti biyar ba. Bayan shekara tara na haɗu da akawun makarantar a tashar Gumel, shi ya gaya mini abin da ka ce: wai ni na san hanya, ni na ja ka, kai ko son zuwa ba ka yi ba. Ya kuma ce tun kafin mu iso mahaifinka ya riga ya ga firinsifal, an tabbatar ba za a kore ka ba, kuma an raɗa maka hakan a bakin ƙofa. Ba don ka tsira ka faɗa ba, Habibu. Ka riga ka tsira.

Saura wata huɗu mu zana jarrabawar ƙarshe. Shekara shida na yi ina auna riɗi a rumfar kawuna kafin in sake zana ta daga waje. Wannan duk na haɗiye.

Ga wanda ban haɗiye ba. Da na isa gida da akwatina, Inna ta mare ni a tsakar gida, abin da ba ta taɓa yi ba. Washegari ta hau mota zuwa gidanku, ta durƙusa wa mahaifinka a zaure tana ba shi haƙuri, ɗanta ya lalata ɗan mutane. Kana cikin gida a lokacin, mahaifinka ya taho da kai. Tana nan da ranta, ta haura tamanin, har yau in an ambaci gidanku sai ta yi ƙasa da murya. Ban taɓa gaya mata ba. Da farko rantsuwa ce ta hana ni, daga baya na ga ba za ta yarda da bakina ba.

Dokar kwaleji a fili take: ɗalibin da aka rubuta wa kundi, kora ce. Kwamiti zai zauna ranar ashirin da biyu ga wata. Na cike takardar, tana cikin durowa, ban miƙa ba tukuna. Wata huɗu ya rage mini a lokacin. Ita Rayhana saura wata ɗaya.

Ilu

Gagarawa,
16 ga Yuli, 2024.

Zuwa ga Malamina, Dakta Ilu,

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaida Malam da fatan alheri, ina kuma neman afuwar rubuto maka ba da izini ba.

Baba bai san da wannan takarda ba. Ya bar wasiƙarka a kan dardumarsa ya fita gona, na karanta. Na san bai kamata ba.

Malam, gaskiya ka faɗa. Baba ne ya yi ta rubutawa ina kwafewa, kwana uku. Na riga na rubuta nawa babin tun kafin azumi. Da ya karanta sai ransa ya ɓaci, ya ce ban fahimci littattafan ba, ya ajiye shi a saman kwaba. Ban iya ce masa a'a ba. Wannan laifina ne, idan aka tambaye ni a gaban kwamiti haka zan faɗa.

Ga nawan nan na haɗo, ba don a karɓa ba, don dai ka san na yi. Ina jin kai ma ba zai yi maka daɗi ba. Ban ce mai gata abokin ƙwarai ba ne, amma ban wanke marar gatan ba. Yaron nan ya fi abokinsa hankali da tausayi nesa ba kusa ba, in yana shi kaɗai ya san daidai. Da zarar abokin ya bayyana sai ya miƙa masa wuya, yana ganin shirme yana bi, wai abokin ne ya yi karatu. Ko sau ɗaya bai dube shi ya ce ba zan yi ba. Na ce wanda ba ya iya ƙin abokinsa, tsoronsa yake ji, ko da ya kira abin ƙauna.

Tun da wasiƙarka ta zo Baba bai ci tuwo ya ƙoshi ba. Jiya na ji ya kira Cindo yana tambayarsa ko hanyar Gumel ta yi kyau, sannan ya ce a bari.

Duk hukuncin da Malam ya yanke, na karɓa.

Ɗalibarka,
Rayhana Habibullah

Gumel,
19 ga Yuli, 2024.

Alhaji,

Salamu alaikum.

'Yarka ta aiko mini da babin da ka ɓoye a saman kwaba. Na samu kurakurai goma sha bakwai a ciki, duk nata ne. Akwai sakin layi guda da na karanta na rufe ofis na fita yawo. Ta fi ni da kai fahimtar littattafan nan.

Na yaga takardar kwamiti. Ba za ta kare kundinta da 'yan ajinta ba, sai zango mai zuwa, kuma a gabana za ta zauna ta gyara shi. Wannan hukuncin ƙaryar da ta kawo mini ne da farko. Kada ka ɗauka don kai na yi, kada kuma ka zo godiya, ba zan fito ba.

Ban sa maka sharaɗi ba, yarinya ta riga ta tsira ko ka motsa ko ba ka motsa ba. Amma gidan Inna yana nan inda ka san shi a Sule Tankarkar, bayan masallacin Juma'a, ƙofar da ke da bishiyar darbejiya. Kunnenta na hagu ne ke ji.

Ilu

Gagarawa,
27 ga Yuli, 2024.

Ilu,

Assalamu alaikum.

Na je jiya bayan an sauko daga masallaci. Da aka ce mata ni ne, ta yunƙura za ta sauko daga kan gado ta ba ni wuri, sai da na riƙe ta. Na zauna a ƙasa ta ɓangaren hagu na faɗa mata duka, taswirar da rantsuwar da abin da na ce wa firinsifal. Ban rage komai ba.

Da na gama ta ce, "Ashe shekara arba'in da biyu ina jin kunyarku a banza."

Ba ta ce ta yafe mini ba, ni ma ban samu bakin roƙa ba. Ta sa aka kawo mini ruwa, na sha, na yi sallama.

Ina bakin ƙofa ta sa aka kira ni. Ta ce in gaya maka tana nemanka, kuma ba a waya ba. Ta ce akwai marin da ta yi wa ɗanta, tana so ta roƙe shi gafara tun tana da baki.

Saƙon ke nan, na isar.

Habibu