Zuwa ga Bala, Abokin Karatuna a Perugia

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Katsina.

Bala, na san labarin shanyewar ɓarin jikina ya iso ka. Abin da ba a gaya maka ba shi ne harshena ya tafi tare da hannun dama. Da hagu nake wannan rubutu.

Ka tuna malamarmu ta Italiyanci, tsohuwar nan mai buga rula a tebur? Kowace gaɓa bugu ɗaya, inda nauyin kalma ya faɗa ta buga da ƙarfi. Ta-vo-la, nauyi a farko. Pa-ro-la, a tsakiya. Cit-tà, can ƙarshe. Turawan ajin suna ta fama da ninkin baƙi a gat-to da non-na, mu kuwa da muka taso da kalmomi irin kun-ne da han-nu ko gezau. Takan ce, “Ku saurari 'yan Afirkan nan, su ne masu kunne.” Har muka ɗauka duniya jiranmu take yi.

Kai ka koma gida ka koyar. Ni na zo Amirka na nemi koyarwa, suka dubi fuskata, suka dubi takarduna, suka ce za su kira. A tuƙin tasi na tsufa, tsakanin Greenbelt da filin jirgi.

Yanzu wata yarinya a asibiti, sa'ar 'yata, ita ke sa ni raba kalma gaɓa-gaɓa. Turanci ya ƙi fita. Hausa tana fitowa a karye. Amma ranar nan na dubi taga, sai na ji bakina ya kira ta da Italiyanci, fi-ne-stra, sumul, nauyin yana kan “ne” inda ya dace. Ta yi murmushi ta ce mu koma Turanci. Wa zan gaya wa? Ɗana Umar ko Hausa da Turanci yake amsa ta.

Likita ya ce iyakar abin da zai dawo ke nan. Umar ya samo mini ɗaki a gidan kula da tsofaffi a Landover. Na so in ce a'a, kafin kalmar ta fito ya riga ya sa hannu.

Ɗan'uwana, Allah Ya bar maka harshenka har ƙarshe, Ya sa mu cika da kalmar shahada, ko a zuci ne.

Ka rubuto. Kada ka kira ni a waya. Ba na so ka ji yadda nake amsa sallama.

Naka,
Lawal