Mutum takwas da ba su hau allo ba

Asabar, 4 ga Maris
Gasar karta yau a gidan cacar da muke aiki, kuɗin shiga peso dubu ɗari biyar. Don Eusebio, tsohon malamin lissafin nan, ya sake tsare Wilfrido: "Ɗana, nawa ne kason gida, nawa ke shiga tukunyar waɗanda suka ci?" Wilfrido ya nuna allo: "Dubu hamsin, malam, ko tabaran ne suka gaji?" Aka yi dariya. Har da ni. Shekara tara ina wa barkwancin Wilfrido dariya, a wurin aiki da kan gado.

Lahadi, 5 ga Maris
Ni na raba karta a teburin ƙarshe. Halin kasuwa bai bar ni ba, wadda ta sayar da kifi a kasuwar Bazurto idonta ba ya daina ƙirga. Duk wanda ya shiga ana ba shi ƙwandalolin roba na dubu ashirin. Na kan tebur na mutum tamanin da takwas ne. Allo ya ce tamanin. Wilfrido ne shugaban gasa, shi ke rubuta allo.

Sau uku na ƙirga. Na so in yi kuskure.

Talata, 7 ga Maris
Na tambaye shi yana cin soyayyar ayaba. Ko musu bai yi ba. "Nohemí, sarauniyata, firjin can da kike rungumewa, daga sama ya faɗo?" Wai shekara uku ke nan yana zuba kuɗin waɗanda bai rubuta ba a aljihu. Wai gida ma yana yanka, shi ɗan gefe kawai ya ɓantara.

Ni ma na taɓa danna sikeli da yatsa, ba waliyyiya ba ce. Amma ban taɓa yi wa wanda ke kirana 'yata ba.

Juma'a, 10 ga Maris
Ban ci komai daga firjin ba.

Asabar, 11 ga Maris
Don Eusebio, da ya zo na biyu wancan makon, ya cusa mini tukwici a hannu. "Ke kaɗai ce mai tsabtar hannu a nan, 'yata." Bakina ya riga ni. Na ce, "Malam, gobe ka bar kallon allo, ka ƙirga ƙwandala." Ya daɗe yana dubana.

Lahadi, 12 ga Maris
Ya ƙirga, da ƙarfi, kamar a aji. Mutum shida ne ba su hau allo ba wannan karon. Wani ya yi ihu, "Wilfrido, fatalwa ne suka yi wasa?" Manaja ya sauko. Wilfrido bai dubi kowa ba sai ni.

Litinin, 13 ga Maris
Ya kwashe rigunansa. Ya ce, "Da kin ce in bari, da na bari." Ƙarya ne. Ko gaskiya ne? Ban ce masa ya bari ba, wannan kam haka ne.

Alhamis, 16 ga Maris
Kuka a banɗakin ma'aikata. Na gyara kwalli na koma tebur.

Asabar, 25 ga Maris
Manaja ya ba ni allon, wai 'yan wasa sun ƙi yarda da kowa. Na rubuta komai: mutum nawa, kason gida nawa, tukunya nawa. Har kason ma'aikata, wanda manaja ya so in tsallake.

Firjin yana wajen maƙwabciya, ta biya rabin kuɗi. Na dafa shinkafa da kwakwa. Sai da shinkafar ta nuna na lura kofi ɗaya na auna, ba biyu ba.